Mainasara Mai Inji da Na'urar Awon Ƙara

Ranar da muka tafi Kano ni da Mainasara, tun asuba ake ruwa. Ba ruwa mai ƙarfi ba ne, yayyafin nan ne na tsakiyar damina da ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa. Sama ta yi dishi-dishi, kaji duk sun raɓe a gindin katanga, hanyar da ta fita daga garinmu zuwa bakin titi ta zama taɓo. Ɗan acaɓan da ya ɗauko mu yana ta sauke mu muna takawa da ƙafa, mu tsofaffi biyu, kowa ya naɗe wando yana riƙe da takalminsa a hannu. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora mu sami mota, rigunanmu sun manne da jiki.

Abin da ya fitar da mu a wannan ruwa wata na'ura ce da aka ce tana auna ƙara. Mai unguwa ya riga ya yanke magana: ko dai ƙarar injin niƙan Mainasara ta ragu, ko kuma kafin kaka a ɗauke injin daga ƙofar gidansa a kai shi bayan gari. Mainasara kuwa ya rantse injinsa ba ya wata ƙara, har ma ya fi da yin sanyi, kuma zai sayo abin da zai shaide shi a gaban kowa. Ni ya ɗauka ne don in riƙa maimaita masa abin da mutane suke faɗa, ko da yake ba haka ya ce ba. Cewa ya yi in raka shi don na fi shi sanin Kano.

Bari in koma baya kaɗan saboda wanda bai san shi ba.

Mainasara ɗan garinmu ne, a nan ƙasar Kiru. Mahaifinsa manomi ne, dawa da gero da 'yar gyaɗa, amma shi tun yana saurayi hankalinsa bai kwanta da fartanya ba. Ya tafi Tudun Wada ya shiga wurin masu casar shinkafa. Da dakon buhu ya fara, ya koma mai zuba shinkafa a inji, a ƙarshe ya zama shi ake nema idan inji ya ƙi tashi. Da mahaifinsa ya rasu aka raba gado, sai ya sayar da shanun noman da suka faɗo masa, ya sayo wani tsohon inji mai shan gas a hannun wani mutum a Doguwa. Ya kafa rumfar kwano a ƙofar gidansa ya girke shi a ciki, jikin katangar gidan Jibrin. Ni ina saƙar tabarma a gindin dalbejiyar da ke tsallaken hanya, don haka kusan duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

A wancan lokacin shi kaɗai ne mai inji a duk yankin. Ba waya, mata kuma suna cikin gida, ba mai leƙowa ya ga ko an tayar da inji. Dabarar masu inji ita ce su kifa gwangwani a bakin bututun hayaƙi. Duk bugun da inji ya yi sai gwangwanin ya amsa da wani irin kuka, fut, fut, fut, wanda ake ji daga nesa. Da an ji shi an san lokacin aiko da niƙa ya yi. Matan rugagen da ke tsallaken fadama ma da shi suke sanin ranar da za su ɗauko ƙwaryar masara su taho, don ba mai son ta yi wannan tafiya ta tarar da rumfa a rufe. Mainasara yana alfahari da kukan injinsa. Yakan ce har a hanyar Bebeji an taɓa gaya masa ana jin sa.

Da kunne yake aikinsa. Yana zaune a kan benci yana hira, sai ka ga ya miƙe ba tare da ya dubi injin ba, ya je ya ɗaure bel, ko ya sassauta dutse, ko ya ce wa mai niƙa masarar nan ba ta bushe ba a mayar da ita rana. In ka tambaye shi yadda ya sani sai ya ce, "Ba ka ji muryarsa ta canja ba?" Ni ban taɓa jin komai ya canja ba. Haka ya yi shekara da shekaru, daga hantsi har la'asar, kansa yana dab da ƙarfen nan. A cikin aikin ya aurar da 'ya'yansa mata, ya rufa wa gidansa kwano, ya kai mahaifiyarsa Makka.

Jibrin, maƙwabcinsa, taubashinsa ne. Uwar Jibrin da uban Mainasara ciki ɗaya suka fito. Wanda ya san taubasai ya san ba sa magana a miƙe. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba sai da zagi. In Jibrin ya fito da safe sai ya ce, "Bawana, an tashi? Yau ma za a niƙa wa mutane tsakuwa?" Mainasara ya ce, "An tashi, mai gonar ƙaiƙayi. Bana ma mu ne za mu ciyar da kai." Ko a wurin makoki sai an raba su zama, kada su sa mutane dariya.

Ban san shekarar da kunnen Mainasara ya fara tafiya ba, don abin a hankali ya zo. Mun dai lura yana ɗaga murya in yana magana, yana kuma kallon bakin mutum. In ka yi masa sallama ta baya ba ya amsawa. A masallaci sai ya saci kallon na kusa da shi kafin ya yi ruku'u. Kowa ya gani, amma wa zai tari dattijo mai iyali ya ce masa ya kurumce? Matarsa Fatima ta gwada sau ɗaya, ya ce ita ce ta koyi magana ƙasa-ƙasa. Mutum ɗaya ne yake faɗa masa kullum, a bainar jama'a, wato Jibrin. "Kurma! Kai kurman banza!" Mainasara kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Na ji ka sarai, makaho." Ai tun suna yara Jibrin yake kiransa da sunaye, ya kira shi gurgu, ya kira shi mahaukaci, ƙafarsa lafiya hankalinsa lafiya. Me zai sa wannan ya zama daban?

A daidai wannan lokaci samari suka buɗe ƙananan injina a bakin titi, masu shan fetur, niƙa ya fara raguwa a rumfar Mainasara. Shi kuma a kunnensa sai yake jin kukan injinsa ya yi rauni. Sai ya haɗa biyun ya ce ai ga dalili, mutane ba sa jin sa ne. Ya cire ƙaramin gwangwanin madara ya sa babba. Bai gamsu ba, ya ƙara wa bututun tsawo. Da aka jima ya ce har yanzu shiru, sai ya kwance salansar da ke rage wa injin ƙara gaba ɗaya ya jefa ta a bayan rumfa. Daga ranar, in aka tayar da injin nan, har a ƙirjinka kake jin sa. Na ɗauke tabarmina na koma can gaba kusa da rijiya.

Mutane sun yi haƙuri, don dattijo ne kuma kowa ya ci tuwon garinsa. Sai Furera, matar Jibrin, ta faɗi. Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki. Aka dawo da ita daga asibiti aka kwantar a ɗakinta, ɗakin kuwa shi ne wanda ya yi baya da rumfar inji. Likita ya ce ta sami barci da natsuwa. Babu wani ɗakin da za a mayar da ita, sauran na 'ya'yansu ne da matansu, kuma duk gidan ma ba inda ƙarar ba ta kai ba.

Jibrin ya je ya sami Mainasara. A gabana aka yi. Ya ce, "Kai, injin nan naka zai kashe min mata."

Mainasara ya ce, "Zama da kai bai kashe ta ba, inji ne zai kashe ta?"

"Wallahi da gaske nake."

"Ai kullum da gaske kake, bawana. Gaishe ta, ka ce mata gobe ina nan shigowa."

Ya shiga ɗin kuwa, ya kai mata lemo da ƙwai, amma da yamma, bayan ya kashe inji. Jibrin ya sake komawa, ya sake komawa. Abin da ya ba ni tausayi shi ne shi ma Jibrin bai iya wata magana da Mainasara ba sai irin wadda suka saba. Zai fara a natse, kafin ya kai ƙarshe ta koma zagi, Mainasara ya rama, mutane su yi dariya, a watse. Da ya gaji sai ya tafi wurin mai unguwa.

Wannan ya yi wa Mainasara ciwo ƙwarai. Taubashi ya kai ƙarar taubashi, ba mu taɓa jin irinsa ba. Mai unguwa ya kira Malam Ukasha, duba-garin da ke zagayen ƙauyukanmu. Ukasha ya ce a ofishinsu ba su da na'urar awon ƙara, amma akwai irinta a cikin wayarsa. Ya ɗaga wayar kusa da inji ta nuna wata lamba. Ɗan mai unguwa ya ɗaga tasa ta nuna wata daban, tazara mai yawa. Mainasara ya ce, "To ka gani, ranka ya daɗe. Kowace waya abin da mai ita yake so take faɗa." Ukasha bai yi musu ba, ya ce gaskiya ne waya ba don wannan aka yi ta ba, in ƙara ta yi yawa rikicewa take yi. A nan ne mai unguwa ya yanke maganar da na faɗa, a nan ne kuma Mainasara ya ce shi zai sayo ta gaskiyar da kansa.

Kai inji bayan gari ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Gwiwoyinsa sun riga sun gaji, wurin da aka nuna masa kuma can ne bayan makarantar firamare, ba inuwa ba ruwa, sai ya sa mai gadi. Ba wadda za ta tsallake injinan bakin titi ta aika niƙa can. Shi ya sani, mu ma mun sani, in injin ya tashi daga ƙofar gidan nan to sana'ar ta ƙare ke nan.

Mun isa Kano bayan azahar, ruwa bai ɗauke ba. Muka sha yawo a Sabon Gari, wannan ya tura mu wurin wancan. Wani ya fito mana da abin awon jini, wani ya kawo lasifika. Daga ƙarshe aka nuna mana shagon wani Muzammil, mai sayar da kayan awon wuta da na magina. Ya ba mu benci, ya ga yadda muka jiƙe ya aika aka kawo mana shayi.

Ya ce, "Baba, me za ku auna? Don ba duka ne iri ɗaya ba."

Na matsa kusa da kunnen Mainasara na dama na maimaita. Ya ce da ƙarfi, har na shagon kusa suka waiwayo, "Inji! Injin niƙa. An ce yana ƙara."

"Yana yi ɗin?"

Na maimaita. Mainasara ya ce, "In yana yi me zai kawo ni nan?"

Muzammil ya dube ni, na kawar da kai. Ya fito da guda uku ya jera a kan kanta. Ta farko 'yar ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu ba. Ya ce wannan ita ce mai sauƙi, in ƙara ta wuce ƙa'ida sai ta yi ƙara ita ma ta sanar da kai. Ya kunna ta, ya miƙa hannu waje kusa da janaretan maƙwabcinsa. Nan take ta fara tsuwa, ƙi-ƙi-ƙi, mai shiga kunne. Ya kawo ta gaban Mainasara tana ta yi.

Mainasara ya zuba mata ido, yana jira. Can ya ce, "To yaushe za ta yi kukan?"

Na sunkuya na ce masa, "Tana yi, Mainasara. Tun ɗazu take yi."

Ya karɓe ta ya kara a kunnen hagu, ya mayar na dama, ya daɗe. Sai ya ajiye ta ya ce hayaniyar kasuwa ce ta danne ta, kuma shi ba ya son abu mai muryar sauro. Muzammil ya ce, "Gaskiyarka Baba, wannan dama ba ta dace da ku ba. Lambarta ba ta nisa, inji yana iya wuce inda take tsayawa. Ta ofis ce da aji." Yaron kirki ne, ya iya rufa wa mutum asiri.

Ta biyu tana cikin akwati mai soso a ciki, da takardun shaida, da wani abu kamar kwalbar turare da ake saita ta da shi. Ya ce wannan ita ce mai daraja ta ɗaya, manyan kamfanoni da masu zuwa kotu ke sayenta. Bai ma bari mun taɓa ta sosai ba, ya ce ta fi ƙarfin buƙatarmu, kuma mai amfani da ita sai ya yi karatunta.

Ta uku ita ce ya ce mu duba da kyau. Tsawonta kamar tocila, lambobinta manya, ko ni da idona ya yi rauni ina ganinsu. A kanta akwai wani baƙin soso kamar ƙwallo. Ya ce soson yana hana iska ruɗa ta, kuma tunda wurin niƙa ne, yana tare garin da ke tashi kada ya toshe mata kunne. Tana kaiwa har ɗari da talatin, babu injin niƙan da zai ƙure ta. Ya nuna mana wani maɓalli ya ce a bar shi a kan harafin farko na boko, a nan ne take ji irin yadda kunnen mutum ke ji. Ya nuna wani ya ce wannan na jinkiri ne, tunda inji bugawa yake yi, in ba a danna shi ba lambar za ta yi ta tsalle ba mai iya karantawa. In ƙara ta wuce ƙa'ida kuma, jar fitila ce take kamawa. Duk wannan sai da na bi shi ɗaya bayan ɗaya na zuba wa Mainasara a kunne, har muryata ta dushe.

Mainasara bai damu da yawancinsu ba. Tambayarsa ɗaya ce. "Ana iya murɗa ta ta faɗi abin da ake so?"

Muzammil ya yi dariya. Ya juya bayanta ya nuna wani ɗan rami da aka liƙe da takarda, ya ce ta nan ake saita ta, kuma duk wanda ya taɓa sai takardar ta yage kowa ya gani. Mainasara ya ce a fito da wata irinta. Aka fito da ita, ya sa aka kai su biyun gindin janareta a tare. Lamba ɗaya suka nuna. Ya sa aka musanya musu wuri, suka sake nuna ɗaya. Sai ya gyaɗa kai.

"Wannan ba ta san Jibrin ba, ba ta san ni ba. Ita nake so."

Da aka gama ciniki ya ce a mayar da ita kwalinta a naɗe da salatif ta kowane gefe, Muzammil ya sa hannu a kai. Ya ce ba mai buɗe ta sai a gaban mai unguwa. A mota na ce masa, "Da ka bari mun gwada ta mu biyu tukuna, mu ga abin da za ta ce." Ya ce, "Don a ce na kwana da ita na koya mata magana? A'a." Ya rungume kwalin a cikin riga saboda ruwa. Na ƙyale shi. Na gaji, kuma na san abin da za ta ce.

Ranar da Ukasha ya samu zuwa, da hantsi aka taru: mai unguwa, Jibrin, da mu 'yan kallo. Mai unguwa ya yanke salatif da hannunsa. Mainasara ya juya hannun inji ya tashi, ya tsaya yana murmushi. Ukasha ya ce masa a kunne, wanda zai wuni a wuri, bai kamata lambar ta wuce tamanin da biyar ba, ɗakin mara lafiya kuwa ko hamsin ya yi yawa. Mainasara ya ce ya yarda, a auna. Ukasha ya tsaya taku guda daga injin, ya ɗaga na'urar daidai kunnen mutum. Jar fitila ta kama. Lambar ta haura ɗari ta zauna a can.

Mainasara ya ce ai dole, a bakin inji ne, ba a nan ake gardama ba. A je ɗakin. Kuma shi zai riƙe ta da kansa. Jibrin ya yi sallama ya shigar da shi da Ukasha, mu muka tsaya a waje.

Abin da ya faru a ciki daga bakin Mainasara na ji shi daga baya. Ya ce da ya shiga, ɗakin shiru yake a wurinsa, shiru irin na masallaci bayan an watse. Har ya fara jin daɗi. Sai ya dubi hannunsa ya ga lambar tana wajen tamanin. Ya ɗaga kai ya ga kwanukan jeren Furera suna rawa a kan kabad, murfin wata fanteka yana tafiya da kansa zuwa baki. Furera tana kwance, an ɗaure mata kai da ɗankwali tamau, an cusa mata auduga a kunne, ga wani filo da take dannawa a kai da hannunta mai lafiya. Da ta gan shi sai ta yi ƙoƙarin murmushi, bakinta ya motsa. Ya ce ya tabbata gaishe shi ta yi, amma bai ji ko harafi ɗaya ba.

Ya fito bai dubi kowa ba, ya wuce ya kashe injin. Ya zauna a kan bencinsa da na'urar a cinya. Jibrin ya biyo shi, ya ga yanayinsa, sai ya nemi ya sassauta abin yadda ya iya. Ya sunkuya ya ce da ƙarfi, "To, kurma, ka je har Kano ka sayo mai ba da shaida a kanka. Wa ya taɓa ganin wawa irinka?"

Mainasara bai rama ba. Ya ce, "Jibrin, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kunnen nan."

Jibrin ya ce, "An daɗe. Tun kafin aurar da Nusaiba." Nusaiba ita ce autar Mainasara, a lokacin har ta yi 'ya'ya biyu a Bebeji.

"Kuma ba wanda ya gaya min."

"Ni fa? Kullum ina gaya maka!"

"Kai ai wasa kake."

"To da wane bakin zan gaya maka? Shi ke nan gare ni."

Mai unguwa ya ce a tashi haka nan, a bar maganar sai wani lokaci. Mainasara ya ce a'a, ranka ya daɗe, ba sai an jira ba. A ranar ya cire gwangwanin. Ya tono salansar daga cikin ciyawa, ta yi tsatsa, ya kai wa mai walda ya gyara aka mayar. Ya sa aka juya bututun ya fuskanci gona. Da ruwa ya ɗauke ya sa aka buga tubali aka yi katanga mai kauri tsakanin rumfar da gidan Jibrin. Duk abin da aka yi sai ya ɗauki na'urar ya shiga ɗakin Furera ya duba, don ba shi da wata hanyar sani. Lambar ta yi ta sauka. Ba ta kai inda Ukasha ya so ba, amma Furera ta ce tana samun barcin rana, Jibrin ya je ya janye ƙararsa. Mai unguwa ya ce inji ya zauna.

Ya zauna ɗin. Sai dai da ƙarar ta ragu, ɗan abin da Mainasara yake ji na injin ya tafi gaba ɗaya. Ya koma ɗora tafin hannu a jikin ƙarfe yana neman abin da kunne yake gaya masa a da. Wani abin yana ganewa, wani ba ya ganewa. Gari ya fara fitowa da tsaki-tsaki bai sani ba sai an dawo da shi. Matan rugage sun zo sau da yawa sun tarar bai tayar ba, wani lokacin ya tayar ba su sani ba, a hankali suka koma bakin titi. Wata rana bayan kaka baƙin mai ya tsiyaye, injin ya yi ta ƙwanƙwasa, ni daga bakin rijiya na ji wani abu ba daidai ba. Kafin in taso in tsallaka hanya injin ya buga. Mainasara yana tsaye kusa da shi yana ɗaure bakin buhu.

An kira bakanike daga Kwanar Ɗangora ya gyara, aikin ya ci kusan wata guda. A cikin kwanakin nan Nusaiba ta zo, ita da mahaifiyarta suka zaunar da shi. Ban san abin da suka ce ba. Da aka tayar da injin, Ladan ne ya juya hannun, ɗan ƙanwar Mainasara, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya taɓa aiki a injinan bakin titi. Ukasha ya kawo wa Ladan abin toshe kunne, yana sawa in ya tuna.

Furera ta yi shekara guda da wani abu bayan nan, sannan ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Jibrin yakan fito da hantsi ya zauna kusa da Mainasara, ya matsa kunnensa na dama ya zage shi. Wani lokacin Mainasara ya rama. Wani lokacin kuma sai ya juyo ya dube shi ya ce, "Wannan wasa ne ko gaske?" Jibrin ba ya son tambayar, yakan tashi ya ce zai duba akuya.

Yanzu Mainasara yana nan a gida. Injin yana ƙofar gidansa, Ladan ne ke aiki da shi, suna raba abin da aka samu. Na'urar tana hannun Ukasha, ya are ta yana zagaye da ita wurin masu injina da masu walda. Kunnen Mainasara na hagu ya mutu, na dama yana ɗan ji in an matso sosai. Nusaiba ta ce za ta kai shi asibitin kunne a Kano bayan salla, ya ce to, har yanzu dai ba su je ba.